Yadda Za Ka Zaɓa wa Laftof Manhaja Ba Ka Ɓata da Suruki Ko Yaya Ba

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ka faɗo hannun da ya dace. In sabuwar laftof ta shigo gidanka, aka kunna ta, ta nuna baƙin allo da wani ɗan farin layi yana ƙyafta maka ido, masana kuma suka ce sai an zuba mata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a cikinta, kafin ta san hagu da dama, to saboda kai na zauna na rubuta wannan. Na ɗaukar maka alkawari. Bi matakan nan yadda na jera su, za ka fito da girmanka cif, surukinka na sa maka albarka, yayanka na yabonka a bayan ido. Ban ce kwamfutar za ta yi aiki ba. Wannan fanni ne daban, kuma ba a kansa na ƙware ba.

In kana tambayar ko ni wane ne, sunana Ɗanmusa, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Bukkuyum ya san bencin da nake zama. Ban taɓa mallakar laftof ba, shi ya sa shawarata ba ta da son kai. Amma a shekarun da ake kwashe ƙasa mai gubar dalma a Yargalma, na taɓa riƙe wa wani ma'aikacin lafiya jakar laftof ɗinsa tun daga mota har gindin bishiya, na ji nauyinta a kafaɗata. Ta nan ilimin ya shige ni.

Zan riƙa kawo maka misali da ɗalibina mafi hazaƙa, Nafi'u, wanda ya bi shawarata daga farko har ƙarshe bai tsallake komai ba. Matarsa Muhsina tana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Ta sha yawon ƙauyuka tana hira da iyaye mata kan yadda suke kare yaransu daga ƙurar dutsen zinariya, ta cika takardu da rubutun hannu, saura ta buga aikin a kwamfuta ta miƙa kafin a rufe karɓa. In ta makara sai baɗi, shekara guda ta tafi a banza. Mahaifinta, Alhaji Mu'awiya na Gummi, ya aiko mata da laftof sabuwa dal a kwali domin wannan aikin kaɗai. Riƙe wannan a ranka, don daga nan gaba kai kaɗai ne za ka riƙa tunawa da shi.

Mataki na 1: Karɓe zancen daga hannun mai kayan

Kwamfutar ta matarka ce, ban musa ba. Amma gidan na wane ne? Kafin ta gama yage ledar, kai ka riga ka miƙa hannu biyu ka ce a kawo ka duba. Juya ta, ka leƙa ƙasanta, ka shinshina wajen da iska ke fita, ka ce "hmm". Kada ka yi bayanin wannan "hmm" ɗin ko an matsa maka.

Daga nan ka sanar cewa zaɓen babbar manhaja ba ƙaramin abu ba ne, kamar raɗa wa jariri suna ne, ba a yin sa da ka. Haka Nafi'u ya faɗa. Muhsina ta ce ita dai ko wace iri ce, in za ta buga rubutu ya zauna, ta ishe ta. Ka ji irin maganar da ke sa a gama aiki da wuri. Mutumin da ya san abin da yake so haɗari ne ga shawara, don haka ka yi masa murmushi ka wuce.

Mataki na 2: Haddace sunaye uku, kada ka ƙara

Ba a bukatar ka san komai, sunaye kawai ake so. Akwai Windos, wadda ka saba gani a ofisoshi da shagunan buga takardu. Akwai Linuks, wadda ake samu kyauta, masoyanta kuma ba sa iya gama cin tuwo ba su gaya maka haka ba. Akwai ta uku, ta kwamfutoci masu tambarin tuffa, wadda take tafiya da nata kayan, ba da irin naka ba. Ita wannan ka ambace ta kawai, ka yi ajiyar zuciya, ka ce da so samu ne. Za a ɗauka ka taɓa zama a Abuja.

In wani mai neman fitina ya tambaye ka bambancinsu, dube shi da tausayi ka ce ya danganta. Da me ya danganta, wannan ba aikinka ba ne.

Mataki na 3: Je ka yi godiya, ka dawo da umarni

Ba a aiko wa gidanka kaya irin wannan ka yi godiya ta waya. Sa babbar riga, ka shiga motar Gummi da hantsi, ka tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ka durƙusa, idonka a kan tabarma. Suruki ba a kallonsa ido cikin ido, ba a cin abinci a gabansa, ba a kuma ce masa a'a. Waɗannan dokoki sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ba a sabunta su.

Alhaji Mu'awiya tsohon akawu ne, a gabansa kwamfuta ta kori keken rubutu daga ofis. Da Nafi'u ya gama godiya, sai ya ɗan taɓo zancen manhaja don a san yana da zurfi. Alhaji ya gyara zama.

"Windos za a sa mata," ya ce. "Ita munka sani, da ita munka yi aikin gwamnati har munka aje."

Amsarka ita ce "to, Baba". Ko cewa ya yi a zuba mata kunun tsamiya, amsar ba ta canzawa.

Nafi'u ya dawo ya kai laftof shagon Naziru mai gyaran waya a kasuwa, aka zuba. Daga ranar ba wanda ya sake kiran manhajar da sunanta a gidan, sai dai a ce "ta Alhaji". Muhsina ta shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ta baje takardunta, ta fara buga babin farko, har Nafi'u ya ce yana jin tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na gaya masa kada ya saki jiki. Farin ciki da wuri alama ce ta ba a gama shawara ba.

Mataki na 4: Tuna cewa kai ma ba daga sama ka faɗo ba

Kana da dangi. Kana da yaya. Nafi'u nasa shi ne Yaya Halilu, malamin lissafi a Anka, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, ya shige masa gaba har aka ɗaura aurensa. Mutum ne mai kirki ƙwarai, aibinsa ɗaya. Yana yawo da Linuks a cikin wata 'yar filash, ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, da ke maƙale da makullin babur ɗinsa, yadda wasu ke yawo da carbi, kuma bai taɓa ganin kwamfuta ya wuce ta lafiya ba.

Labari ya kai masa, ya hau babur ya zo. Aka gaisa, aka kawo ruwa, ya ce a nuna masa baƙuwar. Da allo ya kawo haske ya ga abin da ke ciki, sai fuskarsa ta sauya kamar ya tarar da baƙo kwance a ɗakin mahaifinsu.

"Nahi'u," ya ce, "ɗa in anka haihe shi gidanmu, dangin uba ka raɗa mai suna. Kwamhuta ta shigo gidanmu, sai a tahi Gummi a ɗauko mata suna? Mu mun mutu na?"

Sai ya shiga wa'azi. Ya yi bayanin kyauta, ya yi bayanin 'yanci, ya yi bayanin wasu mutanen kirki a ƙasashe masu nisa da ke rubuta manhaja ba don a biya su ba, har ruwan da aka kawo masa ya yi ɗumi. Ba sai ka fahimci komai ba. Riƙa gyaɗa kai, in ya tsaya shan iska ka ce "to, Yaya".

Nan take ya zare makulli ya soka filash. Kwamfuta ta yi wata tambaya da Turanci, ko a share duk abin da ke ciki. Yaya ya danna amsa da irin ƙwarin gwiwar da yake gyara jarrabawar ɗalibai. A daidai wannan wuri, kai aikinka shi ne ka yi tari ka kalli rufin ɗaki.

Muhsina tana madafa tana dama wa yayan miji fura. Ta fito da ƙwarya ta tarar babin farko ya bi iska. Yayan miji ba a yi masa musu, don haka ta durƙusa ta ajiye furar ta ce sannu da aiki, ta koma ciki. Ta ji zafi, kowa ma zai ji. Amma washegari ta sake bugawa daga farko a cikin "ta Yaya", ta kuma gano cewa ita ma harafi take fitarwa in an danna harafi. Ta gaya wa Nafi'u haka. Na ce masa kada ya maimaita wannan magana a waje, za ta rage wa al'amarin daraja.

Mataki na 5: Samu mai gyaran da ba ya musu

Akwai masu gyara masu yawan tambaya, su ce me za a yi da ita, wa zai yi amfani da ita. Guje su. Nemi irin Naziru, mutum mai sanyin hali, wanda duk abin da ka ce zai ce ai shi ya fi. Ka ce Windos, ya ce ai ita ce uwa. Ka dawo ka ce Linuks, ya ce da ma yana ta so ya gaya maka.

Za ka bukace shi da wuri. Ba a jima ba Alhaji ya bugo waya ya ce zai shigo Bukkuyum ta'aziyya, zai biyo ya ga ɗiyarsa da kwamfutarta. Nafi'u ya zo wurina gumi na keto masa. Dattijo ya sayi kaya, ya ba da umarni, ya zo ya tarar an kori zaɓinsa an saka na wani? Na ce masa ya jira Muhsina ta tafi makaranta, ya naɗe laftof a ɗankwali ya ruga kasuwa a yi mata fomatin, wato a share ta tas a sake zubi. Alhaji ya zo ya ga tasa tana nan daram, ya sa albarka ya tafi.

Wannan karon Muhsina ba ta yi shiru ba. Ta yi kuka, ta ce aikin da ta sake bugawa ya fi na farko yawa, ranar rufewa kuma ba jiranta take ba. Ran Nafi'u ya ɓaci da gaske, don yana son matarsa, ba na ɓoye wannan. Ya rantse mata cewa ba za a sake ba. Ya sayo mata filash tata ta kanta, 'yar ja, ta ɗaure ta da zare a hannun jakar laftof, duk shafin da ta gama sai ta kwafa a ciki kafin ta tashi.

Ban hana shi ba. Alkawari abu ne mai kyau, yana kwantar da gida, kuma ba ya cin caji. Yi shi da yawa.

Mataki na 6: Mayar da ita mai tagwaye

Yanzu kana tsakiya, kamar yadda Bukkuyum take tsakanin Anka da Gummi. Duk ƙarar babur gabanka ya faɗi, duk ƙarar waya ka zabura. Nafi'u ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta gaji da ganinsa yana tsakurar tuwo, ta sa shi gaba ya kwashe labari ya gaya mata. Ta gama sauraro, sannan ta tambaye shi.

"Wai abin ga ba ciki gare shi ba? To ciki guda ba shi ɗaukat tagwaye?"

Ka ga amfanin uwa. Nafi'u ya garzaya wurin Naziru, Naziru ya ce ai da ma yana ta so ya gaya masa. Aka raba cikin laftof biyu, ta Alhaji a gefe, ta Yaya a gefe. Aikin Muhsina ya fake a cikin 'yar jar filash har aka gama, aka mayar mata da shi lafiya.

Sai ka buga waya Gummi ka ce, Baba, taka na nan. Ka buga Anka ka ce, Yaya, taka na nan. Ba ka yi wa kowa ƙarya ba, ka dai raba gaskiya ne kowa ya samu rabonsa.

Gida ya yi lafiya. Muhsina ta yi ta bugu, babi na bin babi, har ya rage mata na ƙarshe da 'yan gyare-gyare. Da malalacin mai ba da shawara ne, da a nan zai tsaya.

Mataki na 7: Lura da wanda ke sama

Ni ne na gano matsalar, kuma ina alfahari da hakan. Nafi'u ya kawo laftof bencin shayi don ya nuna mana tagwayen. Ya kunna. Sai ga sunaye biyu a allo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana jiran ka zaɓa. In ba ka taɓa komai ba, sai ta gaji da jira ta shige na saman da kanta. Ta Yaya ce a sama.

Na ajiye kofi na tambaye shi ko ya ga abin da na gani. Surukinka, dattijo, alhaji, wanda ya sayi kayan da guminsa, shi ne a ƙarƙashin malamin lissafi? Kuma in an yi shiru kwamfuta ta tsallake shi ta wuce kamar ba ta gan shi ba? Nafi'u ya ce to a juya. Na ce a juya, wanda ya riƙe ka tun kana yawo ba wando ya koma ƙasa, a cikin gidan ubanku? Mai shayi ma ya daina kaɗa madara.

Ga maganin. Naziru ya iya sauya jerin ba tare da ya share komai ba. Abin da ake bukata kawai shi ne a san wa ke tafe. Ni na ɗauki wannan nauyi saboda Allah, tunda da ma a tasha nake wuni. In na hango farar hular Alhaji a motar Gummi, sai in buga wa Nafi'u in ce a ɗaga Gummi. In na ji kukan babur ɗin Yaya daga hanyar Anka, in ce a ɗaga Anka. Shi kuma ya fizge laftof daga cinyar Muhsina, ko tana tsakiyar jimla, ya bi ta lungu.

Mun yi haka ba sau ɗaya ba, ba a taɓa kama mu ba. Wata rana ma na yi kuskure, wani mai sayar da albasa ne da farar hula, amma ba a yi asarar komai ba sai yinin Muhsina.

Mataki na 8: In suka zo rana ɗaya, kada ka suma a gaban mutane

Za su zo. Dangi ba sa rasa dalilin haɗuwa. Ƙanwar Nafi'u, Habsu, ta haihu, aka sa suna a gidan, ranar rufe karɓar aikin Muhsina kuma ta matso har ana jin numfashinta. Alhaji ya zo daga Gummi, Yaya ya zo daga Anka, aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya a zaure. Aka yi addu'a, aka raba goro, aka yanka rago.

Ana cikin hira Alhaji ya ce a kawo kwamfutar nan ya ga inda ɗiyarsa ta kai. Yaya ya yi murmushi ya ce ƙwarai kuwa a kawo, Alhaji ya ga yadda zamani ya ci gaba. Kowannensu yana da tabbacin abin da za a gani.

Kada ka ce babu caji, janareta na ruri a tsakar gida saboda lasifika. Kada ka ce an sace ta, za a tara mutane. Nafi'u ya ce tana wurin mai gyara ana kaɗe mata ƙura, bari ya karɓo. Ya shiga ɗaki, Muhsina na can cikin mata tana rabon waina, ya cusa jakar a ƙarƙashin babbar riga ya fita ta ƙofar baya da ciki kamar mai wata tara.

A shagon Naziru, Nafi'u ya tambaya ko za a iya jera sunayen kafaɗa da kafaɗa. Naziru ya ce a iya saninsa ɗaya sai ya hau ɗaya. Nafi'u ya sake tambaya ko duka biyun za su iya zama a sama. Karon farko ke nan da aka ga Naziru ya rasa abin da zai yarda da shi. Sai Nafi'u ya bugo mini waya.

Mataki na 9: Yi adalci

Na gaya masa abin da zan gaya maka. In ba za a iya ɗaga kowa ba, to kada a bar kowa a ƙasa. Cire su duka.

Naziru ya ce ai shi ya fi, sai dai filash ɗinsa na aiki wani ya ara, kuma duk wadda za a ɗora wa kayan aikin sai an share ta tukuna. Nafi'u ya duba, ga 'yar ja tana lilo a hannun jaka. Ya tsinke zaren ya miƙa. Naziru ya tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki. Ya ce a share, ai akwai irinsa a cikin laftof. Gaskiya ya faɗa.

Aka gama shirya filash, aka soka a laftof. Naziru ya sake tambaya ko akwai abu mai muhimmanci a cikinta. Nafi'u, hankalinsa na zaure inda dattawa biyu ke jira, ya ce a share, ai matarsa kullum tana kwafa a filash. Nan ma gaskiya ya faɗa. Ina so ka lura da wannan, ɗalibina bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ya dawo zaure ya durƙusa, ya buɗe ta a tsakiyar tabarma ya kunna. Baƙin allo, ɗan farin layi na ƙyafta ido. Ya sunkuyar da kai ya ce shi yaro ne, bai isa ya fifita uba a kan uba ba, don haka ya bar kujerar babu kowa har sai manya sun haɗa baki sun faɗi abin da za a yi.

Ina ma kana wurin. Alhaji ya goge ido da bakin rawani ya ce irin wannan tarbiyya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Yaya ya ce ai shi ya raine shi. Suka yi musabaha, suka amince cewa magana ce babba, ba a yanke ta a tsaitsaye, a bari sai bayan kaka a zauna. Har cinyar rago aka ƙara wa Nafi'u. Ni ma an aiko mini da kai da ƙafa.

Mataki na 10: Shiga gida ka karɓi yabo

Washegari da hantsi, bayan an share tsakar gida an mayar da tukwanen aro, Muhsina ta ɗauko laftof don ta ƙarasa babin ƙarshe. Ta kunna ta ga allo. Ta laluba hannun jaka ta ga guntun zare. Ta tambayi Nafi'u ina filash, ya ciro ta daga aljihu, yana miƙa mata yana gane abin da ya yi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ta rufe laftof ta mayar a kwali. Ta ɗauko takardunta na rubutun hannu, ta ɗauko wayarta mai tsagaggen gilashi, ta zauna a bakin murhu ta fara daga shafin farko da manyan yatsu biyu. Tana bugu tana duba tukunya. In caji ya ƙare ta kai wa mai caji ta zauna nan gefensa ta ci gaba. Yatsun suka kumbura har ba ta iya ɗaura ɗankwali, Inna Laraba ke shafa mata man kaɗanya tana yi wa ɗanta wani irin kallo. Nafi'u ya ce a mayar da laftof wurin Naziru a zuba ko wacce ce. Ta ce a'a, manya sun ce sai bayan kaka.

Ranar rufewa ta shiga mota ita kaɗai, ta fitar da aikin a shagon buga takardu, ta miƙa ana shirin kulle ofis. Da ta dawo Nafi'u ya tare ta a tsakar gida da jawabin da na shirya masa, kan yadda aka tsare mutuncin gida biyu. Ta bar shi ya gama.

"Malam," ta ce, "kan kwamhutag ga ka tahi Gummi, ka saurari na Anka, ka tambayi Inna, ka tambayi mai gyara, hatta mutanen bencin shayi ka tambaya. Ni da muke ɗaki guda, ba ka taɓa tambayata ba."

Wannan ba ya cikin abin da na koya wa Nafi'u. Can ya ce, a hankali, to wace take so.

"Wadda ba a gogewa," ta ce, ta wuce ta ɗora ruwan wanka.

Sanarwa

Ni Ɗanmusa na cika alkawarina. Suruki ya sa albarka, yaya ya yaba, laftof tana nan a kwali sabuwa dal, ba ta taɓa kamuwa da wata cuta ba. Abin da ya wuce wannan ba da yawuna ba. Ban ɗauki alhakin rubutun da ya ɓace ba, ko yatsan da ya kumbura, ko kallon da mahaifiyarka za ta riƙa yi maka in ka zo cin tuwo. Duk wanda ya bi matakan nan, da ƙafarsa ya bi.

Haka kuma babu ruwana in ka ga gidanka ya yi shiru fiye da yadda kake so, ana gaishe ka da ladabi, ana ajiye maka abinci a kan lokaci, amma ba a ƙara cewa "Malam, me ka gani?" a kan komai ba. Nafi'u yanzu yana daɗewa a benci fiye da da, shayinsa na hucewa a hannu. Rannan muna zaune wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne daga Gummi, cike da murna, yana gaya masa sakamako ya fito tun makon jiya, Muhsina ta ci, yana kuma yi masa godiya kan yadda ya tsaya mata.

Nafi'u bai san ya fito ba. Ya ce, "To, Baba."